Faya-fayan da Inna ta Saƙa wa Jikokinta

Assalamu alaikum. Sunana Rabi, ina aure a Kudan, amma a Ikara aka haife ni. Inna ta rasu bara da kaka, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Tun daga lokacin nake ɗauke da wannan magana a ƙirji, in na haɗiye ta sai ta dawo. Yau na ce bari in rubuta, ko wani mai jinya zai tsira daga abin da ya same mu. Ciwo na Allah ne, ban da ta cewa a kansa. Abin da ɗan'uwa ya yi da hannunsa shi nake faɗi.

Sai na fara da faifai, in ba haka ba ba za ku gane inda na dosa ba. Inna ta iya saƙar faifai tun tana budurwa, amma ba ta sayarwa ko an yi mata magiya. Duk ranar da aka haifa mata jika mace, kafin suna ta jiƙa kaba ta rina, ta fara saƙa. In ta gama ba ta ba uwar jaririya. Cikin wani tsohon adudu take sawa a ƙarƙashin gadonta, ta ce sai ranar da za a kai yarinya ɗakin miji, a rufe mata ƙwaryar farko da shi. Kowane da kamarsa. Na Fa'iza, 'yar wanmu Yaya Lawal, ja ne zur, don an haife ta lokacin da jan tumatir ya rufe Ikara. Na 'yata Ummi kuwa, takwararta, kore ta yi masa da baƙin zobe a baki, irin wanda uwarta ta saƙa mata ita ma. Yaran sukan zo su yi ta naci a nuna musu, ta buɗe su leƙa, ta bugi hannun wadda ta kai hannu. Makullin ɗakin a bakin zaninta yake ɗaure, ko wanka za ta shiga.

An riga an sa ranar auren Ummi bayan kaka sa'ad da ciwon ya faro, da bazara. Ciwon kai ta ƙeya, jiri in ta miƙe daga tabarma, wani lokaci ta ce tana jin kamar tururuwa na bin hannunta na dama. Duk muka ce zafi ne. Gwaggo Laraba, ƙanwar marigayi Babanmu da ke zaune gida ɗaya da ita, wadda a baki ta fi kowane likita sanin magani, ta ce ciwon shawara ne, ta yi ta dafa mata ganyaye. Ba wanda ya ce a je a auna jini, har ni. Don Allah in tsohuwarku ta fara kukan ƙeya, ku kai ta a auna, ba ya ɗaukar lokaci.

Wata safiya Gwaggo ta kira ni a waya tana haki. "Rabi, ki zo maza, iska ta bugi Innarku." Na bar wake a kan wuta na fito. Na tarar da gida cike. Inna na kwance a tsakar gida, baki ya karkace, ɓarin dama ya saki kamar tsumma. Wannan na shafa mata man shanu, waccan na turara hayaƙi, an aika a kira malam. Na ce addu'a muna so, amma mota za a nemo. Gwaggo ta ce irin wannan in aka yi masa allura shi ke nan. Ranar na manta da ladabi, na ɗaga mata murya a gaban jama'a, kuma ban yi nadama ba.

Kafin a sa ta a mota, Inna ta yi ta jan bakin zaninta da hannun hagu. Na gane, na kwance makullin. Ta tura shi cikin tafina, ta danne yatsuna a kai, tana kallona. Ba ta iya magana, amma na ji abin da ta ce.

A asibitin Ikara nas ta auna jinin, ta dube ni ta ce, "Tun yaushe take haka?" Na kasa haɗa ido da ita. Suka yi abin da za su iya, suka tura mu Zariya.

Satin farko a Zariya ban san yadda ya wuce ba. Layin kati, layin biya, layin magani, ka gama wannan a ce ka koma wancan. Sai da muka yi jira a baranda kafin gado ya samu. Akwai nas ɗin da in ka yi mata tambaya kamar ka taka mata ƙafa, akwai kuma wata 'yar siririya da take juya Inna da hannunta tana ce mata Kaka, Allah Ya yi mata albarka duk inda take. Likita ya ce jini ne ya hau har jijiya ta toshe a kai. Na sayar da akuyata, maigidana ya fitar da masarar da muka ajiye.

Yaya Lawal ya zo daga Kaduna tun rana ta biyu, kuma gaskiya ɗaya ce, ya tsaya. Ya fi kowa kashewa, bai taɓa yi mana gori ba a lokacin. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba tun da nake. Mai Kaduna take ce masa, in ya shigo ta kau da kai tana amsa gaisuwa kamar baƙo ne, bayan ya fita kuma ta tambaye ni ko ya ci abinci. A gadon asibiti ma haka, yana shigowa take jan mayafi da hannun hagu.

A sati na biyu aka ce sai an yi mata hoton kai, kuɗin kuma ya fi ƙarfinmu a lokacin. Sai ga Ogan Yaya na ofis ya zo dubiya da matarsa, Hajiya, da ledojin lemo da madara. Da ya ji zancen hoton, ya ce a je a yi, shi ya ɗauka. Na durƙusa har ƙasa na gode masa, kuma har gobe ina gode masa. Da za su tafi, Yaya ya ja ni gefe ya ce zai raka su Ikara, Oga yana son ganin wata gona, in ba shi makulli ya taho wa Inna da bargo da zannuwa. Na kwance na ba shi. Wa zai hana wansa makullin ɗakin uwarsu? Bayan kwana biyu ya dawo da bargon da makullin. Na ga ba ya son haɗa ido da ni, na ce gajiya ce.

Daga sati na uku aka fara yi mata gashi, ana motsa mata ɓarin da ya saki. Mai gashin ya faɗa mini maganar da ta zauna mini a kai. Ya ce, "Hannun nan ba magani kaɗai yake so ba. Abin da ta saba yi, shi za ku sa mata a hannu." Na shiga kasuwa na sayo kaba, na jiƙa a kofi, na sa mata tsakanin yatsu. Ta sunsuna, idonta ya kawo ruwa. Kalmar farko da ta fito mata sarai tun faɗuwarta ita ce kaba.

Gashi azaba ne, wanda bai gani ba ba zai gane ba. Tana zufa, tana cije leɓe, wani lokaci ta ture ni ta juya baya. Da na rasa dabara sai na kama ta da adudu. "Inna, matsa hannun nan. Ke za ki ɗauko na Ummi da hannunki na dama, ki rufe mata ƙwarya. Ko so kike Gwaggo ta rufe, ta kifa shi bai-bai?" Sai ta yi 'yar dariyarta ta gefen baki ɗaya, ta matsa. Kullum haka. Da wannan magana ta ɗaga babban yatsa, da ita ta zauna ba jingina, da ita ta taka daga gado zuwa ƙofa tana dafe da ni. Na sha faɗinta a gaban Yaya. Na sha faɗinta a gaban Gwaggo da ta zo kwana. Suna zaune suna ji, ba wanda ya yi ko tari. Wannan shirun nasu ya fi komai ci mini rai in na tuna.

Ruwa ya sauka sosai lokacin da aka sallame mu. Yaya ne ya kawo mu gida a motarsa. Maƙwabta suka cika tsakar gida da barka da arziki, Inna na amsawa da kai. Ana shigar da ita ɗaki, ko ruwa ba ta sha ba, ta nuna ƙarƙashin gado. Na durƙusa na jawo adudun ina tsokanarta, na ɗora mata a cinya, na buɗe.

Faya-fayai ne cike, sababbi fil, rininsu na ƙyalli, har da zaren leda a jikin wasu. Na tsaya ina kallo kamar wadda ta shiga ɗakin da ba nata ba. Inna ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa, ta ajiye. Ta ɗauki wani. Haka ta bi su har ƙasan adudun, a hankali. Sannan ta ɗago ta dube ni, ni da ta danƙa wa makulli.

Na ce, "Wallahi Inna, wallahi ban sani ba."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da jakar magani a hannu. Ta juya ta dube shi, ba ta ja mayafi ba. Da karkataccen bakin nan ta ce, "Lawal."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Gwaggo ta dafe ƙirji ta fita. Shi kuwa ya ajiye jakar a ƙasa, ya ce zai je ya duba mota.

A madafa na ritsa Gwaggo, ta ba ni labari tana share hawaye da bakin zani. Ranar da suka zo da baƙin, la'asar ta yi musu a gida, Yaya ya buɗe wa Hajiya ɗakin Inna ta yi salla. Ta idar ta ga faifan da ke rufe da ƙwaryar Inna, ta ce kai, rabonta da ganin irin wannan aiki tun kakarta. Shi kuma bakinsa ya ƙi zama, ya ce ai akwai waɗanda suka fi wannan, ya jawo adudu. Ta yi ta yabawa. Kun san yadda muke, in babban baƙo ya yaba abu, sai a ce ai naka ne. Ya ce, "Ai naki ne, Hajiya." Ta ce a'a, ɗaya ya isa. Ya ce wallahi sai ta kwashe, tsohuwa ce take yi don rage zaman banza. Ya juye mata su a but ɗin mota da hannunsa. Ranar kasuwar Makarfi ya je ya sayo waɗannan ya zuba, ya ce wa Gwaggo in ta faɗa ba shi ba ita.

Na same shi a zaure. Ban gaishe shi ba.

"Yaya, na jikokinta ne fa. Har da na 'yarka."

"Haba Rabi, a kan faifai kike yi mini wannan tsayuwar? Faifai ai faifai ne. Mutumin da ya biya hoton kai, matarsa ta yaba abu, in ce mata me?"

"Ta ce ɗaya ya isa."

"Ke ba ki san zaman ofis ba. Kuma ai na sayo waɗanda suka fi su kyau."

"Kana ji ina yi mata alkawari kullum, ka yi shiru."

"Da na faɗa, da ta tashi?" Ya kaɗa makullin motarsa. "Ki gode Allah ta taka da ƙafarta."

Abin haushin ke nan. Da ƙaryar ta taka, gaskiya ne. Amma ni aka sa na yi ƙaryar ban sani ba, da bakina, ga uwata.

Daga ranar Inna ta ajiye hannu. In na kawo kaba ta kau da kai. In na kama yatsunta ta bar mini su kamar ba nata ba. Kunu sai da lallashi, cokali biyu ta rufe baki. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, ta dai juya fuska bango. Masu ba da shawara suka dawo da ƙarfinsu, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a kai ta wurin mai ruƙiya a Malikanchi. Da muka koma Zariya ganin likita, mai gashin ya ɗaga hannun ya sake shi, ya ce, "Me ya faru? Mun yi nisa fa, ya koma baya." Na ce masa sanyin damina ne.

Na ce wa Yaya zan je Kaduna in roƙi Hajiya. Ya yi tsalle ya dire a waya. "Kada ki kuskura ki kunyata ni! Wa ya taɓa bin kyauta? Aikina kike so ki taɓa?" Na kashe wayar. Na bar Ummi da Gwaggo a wurin Inna, na shiga bas, na yi ta tambaya har na sami gidan.

Hajiya mutuniyar kirki ce, ba zan ɗora mata laifi ba. Da na gama bayani ta riƙe baki tana salati, ta ce wallahi an ce mata tarkacen tsohuwa ne. Amma an makara. Ta rarraba wa ƙawayenta a wata walima, 'yarta ta tafi da wasu, ba ta ma tuna wa ya ɗauki wanne ba. Ta yi waya nan da can a gabana, wannan ta ce ta bayar, waccan ba ta ɗauka ba. Ɗaya ne ya rage, a bangon falonta, an kafa masa ƙusa a tsakiya. Tun daga bakin ƙofa na gan shi, na kuma san ba kore ba ne. Ja ne zur. Ta hau kujera da kanta ta cire, ta sa mini a leda, ta ce in nema mata gafarar Inna.

A bas na rungume ledar ina jin kamar in jefar da ita ta taga. Duk cikin jikokin, na 'yar wanda ya yi ɓarnar ne ya tsira.

Na ɗora wa Inna shi a cinya. Ta daɗe tana shafa shi. Ta sa ɗan yatsa cikin hudar ƙusar, ta ce, "Fa'iza." Sannan ta ɗago. "Ummi fa?" Na girgiza kai. Ta miƙo mini shi, ta nuna adudu. Na zazzage na kasuwar a tsakar gida, na sa shi shi kaɗai, na rufe.

Washegari da safe ina shara na ji ta ce, "Kaba." Na yar da tsintsiya. Ta ce kore, ta ce baƙi. Hannun dama ya riga ya tafi, saboda haka ni ke riƙe mata, ita tana tura basilla da hagu. Ni ban taɓa koyon saƙa ba, tana yi mini tsaki in na saki, wani lokaci ta soke ni a yatsa ta yi kamar ba ta gani ba. Yini guda sai mu yi abin da a da take yi kafin ruwan zafi ya tafasa. Ta ɗan koma cin abinci. Yaya ya zo sau biyu, ta amsa gaisuwarsa fuskarta a bango, kuma ba ta tambaye ni ko ya ci abinci ba.

Faifan ya kai faɗin tafin hannu lokacin da aka fara yankan dawa. Ko wurin baƙin zoben ba mu kai ba. Wata hantsi ciwon ya sake bugunta, wannan karon ko Zariya ba mu isa ba.

An ɗaga bikin Ummi zuwa rani. Yaya ya kawo mata kuloli masu tsada, na karɓa na gode, don ba ni da hurumin hana yarinya kyautar kawunta. Gwaggo ta ce a rufe ƙwaryar da ɗaya daga na Makarfi, ai ba wanda zai gane. Na ce Ummi za ta gane. Na ba ta guntun nan da zaren kaba na reto a jikinsa, wanda ko kofi ba zai rufe ba. Ta sa shi a ƙirji ta yi kukan da ya fi na rabuwa da gida. A buɗe aka kai ƙwaryarta.

Ku da kuke jinya, ga abin da nake da shi. Ku auna jinin tsofaffinku da wuri. Ku yi haƙuri da layi da nas-nas, ku gode wa duk wanda ya taimaka. Amma in mara lafiya ya danƙa muku makulli, kada ku ba kowa, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Wanda yake son bargo, ku tashi ku je tare. Ba zan ce Yaya ne ya kashe Inna ba, kwananta ne ya ƙare. Na dai san da abin da ta tashi daga gado, na kuma san ranar da ta koma.

Bayan biki da 'yan kwanaki Yaya ya zo Kudan. Ya zauna a tabarma yana ta juya hula a hannu, ya sha ruwa, ya tambayi gona, ya tambayi yara. Da zai tashi ya ce, "Af, na ji an ce na Fa'iza yana wurinki. Yarinyar ta dame ni da tambaya tun ranar biki. Ko za ki ba ni in kai mata?"

Adudun, da na taho da shi bayan rasuwar Inna, yana ƙarƙashin gadona, makullin ɗakin yana bakin zanina. Fa'iza ba ta yi mini komai ba. In Allah Ya kai mu ranarta, ni zan rufe mata ƙwarya da hannuna, da hudar ƙusar da komai, in ta tambayi hudar kuma in faɗa mata.

Na ce, "Yaya, faifai ai faifai ne. Ka bari ranar kasuwar Makarfi."